Sunan da Aka Ba Cha'ibu Ajiya

Duk wanda ya san kasuwar dabbobi ta Matameye ya san Cha'ibu Dillali, kuma da kai aka san shi. Ba girman kai nake nufi ba, ko da yake a nan ma yana da ɗan rabonsa. Riƙo nake nufi. Mutum ne da za a kawo masa akuya daga Yauri, ya dube ta sau ɗaya ya ce uwarta ma ta hannunsa ta bi, ya faɗi wanda ya saya da garin da aka kai ta. In gardama ta tashi a tsakanin masu dabbobi ba a neman shaida, sai dai a ce a kira Cha'ibu. Shi kuwa ya iso yana taunar goro, ya warware musu, ya juya yana baza riga, ko godiyar ba ya tsayawa ji.

To, wannan kan ne ya fara yi masa gardama.

Abin bai zo da hayaniya ba. Sai ya shiga ɗaki ya tsaya, ya rasa abin da ya kawo shi. Ya tambayi matarsa Ladi ko an ba tumaki ruwa, ta ce an ba su, kafin ya gama alwala ya sake tambaya. Abin haushin, tsofaffin abubuwa suna nan daram. Yana iya lissafa maka yaran da aka yi musu kaciya tare da shi. Amma me aka ci jiya da rana, sai ya yi lalube.

Bayan an gama girbi ya je Damagaram awon tansiyo, wato hawan jini, shi kaɗai. Likitan, wani sa'an ɗansa, ya lura tsohon ya yi masa tambaya ɗaya sau biyu. Ya faɗa masa sunayen wasu ƴan abubuwa ya ce ya riƙe, suka yi wata hira, da ya nemi a maido masa su sai rabi ya fito. Aka tura shi aka ɗauki hoton kansa.

Likita ya ce, "Baba, ba hauka ba ne, ba kuma sammu ba ne. Akwai wani ɗan wuri a ƙwaƙwalwa da ke karɓar sabon abu ya ajiye. Naka ya fara ƙanƙancewa. Wasu a nan abin yake tsaya musu, wasu ya ci gaba, ban san naka ba tukuna. Ka riƙe shan maganin tansiyonka, ka riƙa taka ƙafa, sannan ka faɗa wa iyalinka don su riƙa tuna maka."

Cha'ibu ya karɓi magani, ya karɓi zancen tafiya. Na ukun kuwa a tashar mota ya bar shi. Shi Cha'ibu, a riƙa tuna masa? Da ya iso gida Ladi ta tambaye shi me likita ya ce, ya ce gishiri aka hana shi.

Ana nan rani ya shigo, maza suka watse ci-rani kamar yadda aka saba. Ɗansa Aminu ya koma Legas, inda yake sayar da albasa, ya bar amaryarsa Ruƙayya da tsohon ciki. Ruƙayya ƴar Damagaram ce, daga gidan fatake masu atamfa. Mahaifinta ya rasu tun kafin Aminu ya fara nemanta, saboda haka Cha'ibu bai taɓa sa shi a ido ba, Alhaji mai atamfa kawai yake jin ana ce masa. Uwarta, Hajiya Zakiyya, da ƙyar ta yarda da auren, don gani take an kai mata ƴa ƙauye. An shirya Ruƙayya za ta je gida haihuwa, amma naƙuda ba ta jira mota ba. A Matameye ta sauka, ɗa namiji, sai Hajiya ce ta taho da kayanta don yi mata wankan jego.

Kwana biyu da haihuwa Aminu ya kira mahaifinsa a salula. Ran kasuwa ne, Cha'ibu yana tsaye gindin bishiyar bedi, awaki na kuka ta kowane ɓangare. Aminu ya ce ba zai samu zuwa suna ba, kaya sun iso masa ba mai tsare su. Ya faɗi sunan da yake so a raɗa wa yaron, ya kuma faɗi dalili.

"Baba, kai kaɗai na faɗa wa. Ka riƙe shi har ranar."

Cha'ibu ya yi dariya. "Ni kake ce wa in riƙe?"

Ya yi ta nanata sunan a ransa har gida. Ya iya ajami, da ya so ya rubuta. Har ya duba inda tawada take, sai ya ji kunyar kansa. Sunan jikansa ne zai rubuta kamar laƙanin magani? Ya bari. Washegari ya lalubo, sunan na nan. Wanshekare ma haka. Daga nan hidima ta taso, neman rago, goro da dabino, aiken gayyata zuwa Kance da Dungu, bai ƙara bi ta kansa ba.

Ranar suna aka fito sallar asuba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Mutane suka cika, har da dillalan da suka taso a hannunsa. Ga wanzami da zabirarsa, ga mahauci yana wasa wuƙa, ga rago a ɗaure. Cha'ibu ya sha babbar riga ya zauna kusa da Liman, yana amsa barka. A tsakiyar wata gaisuwa ne ya kai hankalinsa inda ya ajiye sunan.

Babu.

Ya tuna bedin. Ya tuna kukan awaki, har da wata ja mai karyayyen ƙaho da ke jan igiya a gabansa. Ya tuna muryar Aminu da dariyar da shi ya yi. Ya san akwai wani bayani da ya biyo bayan sunan. Amma sunan da bayanin sun tafi tare, ko harafin farko ba su bar masa ba.

Gumi ya karyo masa da sanyin safiyar nan. Ya ce a yi masa uzuri, ya ɗauki buta ya zaga bayan gida, ya ciro salula. Ya kira Aminu, a kashe. Ya sake kira, a kashe. Ya tsuguna ya yi ta jero sunaye a ransa, na annabawa, na sahabbai, ko wani zai yi motsi. Kowanne ya zo ya wuce kamar baƙo.

Gaskiya akwai mafita, kuma kusa take. Da ya leƙa cikin gida ya aika Ladi ta tambayi mai jego, da wuya a ce mijinta bai ɗan tsegunta mata ba. Da ya ce wa Liman a jinkirta zuwa hantsi, ba wanda zai mutu. Amma kowacce a ciki sai ya buɗe baki ya ce ya manta, a gaban mutanen da suka yi shekaru suna rantsuwa da kansa. Ya zubar da ruwan butar ya koma ya zauna.

Aka raba goro. Liman ya karkato da kunnensa.

"Malam Cha'ibu, me aka sa wa yaro?"

Cha'ibu ya ji duk idanun wurin a kansa, alhali kowa goronsa yake ɓarewa. Ya nemi suna mafi kusa da harshensa, wanda ba ya taɓa ɓace masa, na mahaifinsa.

Ya raɗa, "Isufu."

Liman ya yi addu'a aka shafa. Maroƙi ya miƙe ya kwarara shela, yaro ya ci suna Isufu, Allah ya raya. Mahauci ya kwantar da rago ya yanka da sunan. Daga cikin gida guɗa ta tashi, ta dangin Cha'ibu, suna murna an mayar da tsohonsu. Wani tsohon dillali ya dafa shi ya ce ya kyauta, ɗa na gari ke tuna uba. Cha'ibu ya yi murmushi, bakinsa ɗaci kamar ya tauna ganyen bedi.

Kafin a gama feɗe rago gidan ya canza. Matan Damagaram da suka zo suna suka koma gefe ɗaya suka yi tsit. Aka kai wa Hajiya Zakiyya fura, ta ce ta ƙoshi. Aka ce mai jego tana kuka a ɗaki, wasu suka ce ai zafin wanka ne.

Da hantsi salula ta yi ƙara. Aminu ne, ya ce wuta aka ɗauke musu tun jiya, sai yanzu ya samu caji. An riga an kira shi daga cikin gida. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi wa tsohon sauƙi.

"Baba, sunan mahaifin Ruƙayya na ce a sa. Alkawari na yi wa Hajiya tun ranar da ta ba ni ita, ba ta da ɗa namijin da zai mayar mata da shi." Ya faɗi sunan, ya sake faɗa. "Da ka ce mini ba ka so, ai da na san yadda zan yi da su. Me ya faru?"

Sunan ya faɗo wa Cha'ibu kamar bai taɓa tafiya ba. Haka ne, shi ne, wallahi shi ne. Ga kuma ɗansa ya buɗe masa ƙofa da kansa, me ya faru. Kalma biyu ce kawai, na manta. Cha'ibu ya gyara murya.

"Na ga wannan ya fi dacewa. Ɗan fari ne, gidan ubansa ya fi cancanta."

 Aminu ya ce, "To, Baba," ya kashe.

Ka ji fa. Mutum ya gwammace ɗansa ya ɗauke shi azzalumi da ya ɗauke shi mai mantuwa. Ni dai ba na kare shi, abin da ya yi bai yi ba. Amma azzalumi ana jin tsoronsa, ana gaishe shi a hanya. Wanda kansa ya fara saki kuwa tausayinsa ake ji, a riƙa yi masa magana a hankali kamar yaro, kuma wannan ne Cha'ibu ya kasa haɗiyewa.

Aka yi yinin suna dai ba armashi. Washegari labari ya zaga unguwa cewa Cha'ibu ya nuna wa ƴan birni iyakarsu. Wasu ma yaba masa suke yi. Hajiya ba ta yi faɗa da kowa ba, ba irinta ba ce. Aika kawai ta yi a nemo mata mota ta gobe da safe. Ta ce ƴarta za ta ƙarasa wanka a Damagaram, zancen dawowa kuma sai manya sun zauna. Kowa ya san ma'anar wannan zaman.

Da la'asar Ladi ta same shi a zaure yana jan carbi. Ta ajiye masa kwanon ruwa ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta saba ba.

"Maigida, tun ina yarinya nake gidan nan. Kana da taurin kai, amma ban taɓa ganin ka ci amanar ɗanka ba."

Ya ci gaba da jan carbinsa.

"Mantawa ka yi."

"Ke, kama bakinki."

"Na kama shi ai, tun bara. Ni nake bin bayanka ina rufe garke in ka bar shi a buɗe. Ni nake cewa yara ba su faɗa maka saƙo ba, alhali a gabana suka faɗa. Ina rufa maka asiri ne don abin a kanmu ya tsaya. Yanzu kuma auren yaro zai tafi a kai."

Cha'ibu ya ji kamar an tuɓe masa riga a tsakiyar kasuwa. Ashe duk dabarun da yake yi, yana kewaye-kewaye, yana ɗora wa wasu laifi, matar nan tana kallonsa tana share masa sawu. Ya so ya yi mata tsawa, ya fasa. Ta tashi ta bar shi da kwanon ruwansa.

Gari ya waye. Mota ta iso ƙofar gida, aka fara fito da akwatuna da kwanukan jego. Cha'ibu yana zaure yana kallo ana wucewa da su ta gabansa. Da aka fito da ƴar katifar jariri sai ya miƙe. Bai shirya abin da zai faɗa ba. Sunan kawai ya riƙe, tun asuba yake nanata shi, don ya ƙudura da bakinsa zai faɗe shi a gaban Hajiya ya ce shi ne sunan yaro daga yau.

Ya ratsa tsakar gida, matan da ke wurin suka dare. Suruki ba ya zuwa ƙofar ɗakin matar ɗansa, balle tana jego. Ya cire takalmi tun daga nesa, ya tsuguna a bakin labule, ya yi sallama. Hajiya ta amsa daga ciki, a taƙaice. Aka ɗage labulen kaɗan. Tana zaune a bakin gado ta riga ta yafa mayafin tafiya. Ruƙayya tana ƙasa a kan tabarma, ta juya fuska bango, jariri a cinyarta.

Suka gaisa. Gaisuwa ta ƙare, ba sauran inda zai ɓuya.

Ya ce, "Hajiya, na zo ne a kan zancen suna. Abin da aka faɗa muku, cewa da gangan na yi, ni na faɗe shi, kuma ƙarya na yi. Yaro ya ba ni suna tun da wuri. Mantawa na yi."

Hajiya ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam Cha'ibu, ko a Damagaram an ba mu labarin kanka. An ce akuyar da ka gani shekarun baya ba ta ɓace maka. In ba ka son sunan ka ce ba ka so, gidanka ne. Amma kada ka haɗa mana da rainin hankali."

Wato sunan da ya yi wa kansa a kasuwa shi ne yanzu ya tsare masa hanya. Ya sunkuyar da kai. Ya faɗi zuwansa wurin likita, da hoton da aka ɗauka, da ɗan wurin da aka ce yana ƙanƙancewa. Ya faɗi yadda ya ɓoye wa kowa. Muryarsa ƙasa-ƙasa take, amma tsakar gidan ta yi shirun da ko ta bakin murhu tana ji. Ya san kafin azahar zancen zai kai kasuwar dabbobi.

"Zan je wurin Liman yau, in sake yanka wani ragon. A gaban mutanen da na faɗi wancan zan ce kuskure na yi. Sunan yaro shi ne na Alhaji, wato..."

Ya tsaya.

Yanzun nan yana bakinsa. Da shi ya taso daga zaure, da shi ya cire takalmi. Bayanin likita da ya tsaya yi ne ya ture shi, ko idon Hajiya, Allah kaɗai ya sani. Leɓɓansa suka yi ta motsi ba abin da ya fito. Ya dubi ƙasa, ya dubi labule, ya dubi tafin hannunsa. Dattijo mai furfura, a tsugune ba takalmi a ƙofar ɗakin surukarsa, yana laluben kalma ɗaya. Hawaye suka zubo masa, bai ma san sun zubo ba sai da suka jiƙa gemu.

Hajiya ta daina kallon raini. Ta yi jinyar tsofaffi, ta san wannan idon, ba a ƙirƙirarsa. Ruƙayya ma ta juyo a hankali.

Ya ce, "Ya sake tafiya. Don Allah wani ya faɗa mini."

Ba wanda ya amsa. Ba don mugunta ba. Ruƙayya ba za ta kama sunan mahaifinta ba, balle yanzu da ya zama na ɗanta na fari, ta buɗe baki ta rufe ta sunkuya a kan jaririn. Ladi da ke tsaye a bayansa ba ta taɓa jin sunan ba. Matan Damagaram tun jiya suka koma. Saura mutum ɗaya a gidan da ta san shi, ita kuwa tun ranar da aka kai ta ɗakin mijinta tana ƴar yarinya, har ya tsufa, har aka ɗauki gawarsa, Alhaji take cewa. Ko a takardar asibiti wani take sawa ya faɗa.

Direba ya danna oda a waje. Cha'ibu yana nan tsugune, bai ɗago ba.

Hajiya Zakiyya ta ja mayafinta ta rufe rabin fuska. Ta dubi bango, kamar mai shirin yin abin kunya a gaban jama'a, don a wurinta hakan ne. Muryarta ta fito siririya, ba irin wadda ta yi magana da ita ɗazu ba.

"Abdulkarim."

Ruƙayya ta fashe da kuka. Cha'ibu ya karɓi sunan yana motsa baki da shi, ya rufe ido, ya gyaɗa kai. Sannan ya buɗe ido ya dube ta, ba sauran abin da zai ɓoye.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Ki ƙara faɗa mini."

Ta ƙara.